Tsinke Biyu Saboda Baƙo

Malam Jonathan Kumai ya yi shekara talatin da huɗu yana koyarwa a makarantun firamare tsakanin Kachia da Kafanchan. Amma in ka tambaye shi ranar da ya zama malami, ba zai ce maka watan Janairu na 1955 ba, lokacin da fasto ya danƙa masa alli da bulala. Zai ce maka ranar Talata, goma ga watan Mayu, 1977, wajen ƙarfe tara da kwata na safe. Shekaru ashirin da biyun da suka gabata, in ji shi, surutu kawai ya yi ta yi a gaban yara, su kuma suna haƙuri da shi.

An haife shi a Gidan Mijinyawa, wani ƙauye a gindin dutse inda ake noman citta da acca da dawa. Ba wanda ya rubuta ranar haihuwarsa. Mai bishara ne ya dube shi sama da ƙasa ya ce 1934, ya kuma ɗora masa suna Jonathan a kan Kumai na gida. A makarantar mishan ya koyi wanke bayan kunne, da zuwa kan lokaci, da rubutu mai kwanciya gefe guda kamar dawar da iska ta bi ta kanta. Ya kuma koyi cewa duk abin da yaro ya zo da shi daga gida, a bakin ƙofar makaranta ake ajiye shi. Wanda ya yi yaren gida a aji, ƙashin saniya ake rataya masa a wuya har a tashi. Jonathan sau ɗaya ya sa ƙashin nan. Da ya girma kuwa, shi ya riƙa rataya wa wasu.

Duk wanda ya san shi a shekarun nan zai tuna gajeren wando mai karin guga, da doguwar safa har gwiwa, da biro uku a aljihun gaba, ja da shuɗi da baƙi. Babban aji yake koyarwa, kuma a ganinsa nan ne ilimi yake. Abu guda ne ya tsaya masa a wuya. Takardarsa ta malanta ƙarama ce, Gired Uku. Sau biyu ya nemi Gired Biyu, sau biyu ya ci jarrabawar rubutu, sau biyu ya faɗi a ta aiki, wadda mai dubawa ke zuwa ya zauna a bayan aji ya ga yadda malami ke koyarwa. Na farko ya rubuta cewa malamin ya yi magana minti arba'in, yara sun yi ta minti ɗaya. Na biyu ma abin da ya rubuta ke nan, sai dai shi bai sami mintin ɗayan ba.

A watan Satumba na 1976 gwamnati ta buɗe makaranta kyauta ga kowane yaro. Gidan Mijinyawa ta wayi gari da yara sun fito daga kowane lungu kamar shinge bayan ruwan fari. Ba mai takardar haihuwa, don haka aka yi abin da aka saba, yaro ya ɗora hannun dama ta bisa kansa, in ya taɓa kunnen hagu ya isa shiga. Wasu uwaye suka riƙa lanƙwasa wa 'ya'yansu wuya ta baya. Aka rubuta yara saba'in da uku a aji ɗaya. Ba ɗakin da zai ɗauke su, sai aka roƙi dattawan ikilisiya suka ba da aron majami'a daga Litinin zuwa Jumma'a.

A wannan watan ne kuma aka kawo sabon hedimasta, Zamani, saurayi ɗan shekara ashirin da shida mai Gired Biyu. Malam Jonathan ne ya koya masa raba dogon lissafi, ya kuma zane shi ba sau ɗaya ba a kan hanya. Zamani ya kira shi ofis, ya miƙe tsaye ya ba shi kujera, har yanzu bai iya zama a gabansa ba.

"Sa, takarda ta zo daga ofishin ilimi. Sun ba ka dama ta uku, a watan Mayu. Sun ce ita ce ta ƙarshe."

"In ban ci ba fa, Hedimasta?"

Zamani ya dubi tebur. "Za su sa sunanka cikin mataimakan malamai, Sa. Tare da yaran nan da aka yi wa kos na gaggawa."

Biyu daga cikin yaran nan, Malam Jonathan ne ya riƙe su ranar baftismarsu.

"Akwai kuma wata magana, Sa. Aji ɗaya. Ba wanda zai iya riƙe yara saba'in da uku sai kai. Iyayensu ma tsoronka suke ji. In ka ci jarrabawa, na yi alkawari ka koma babban ajinka."

Haka ya sami kansa a gaban yaran da ba su san dalilin da zai sa mutum ya zauna wuri guda da rana tsaka ba. Bai damu ba. A ganinsa wanda ya koyar da kashi bisa ɗari, ƙirga ɗaya zuwa goma ba za ta kayar da shi ba. Cikin wata guda ya sa suka haddace ƙirgar Turanci har ɗari. Suna yinta da murya ɗaya, suna rangaji, wan, tu, tiri, har matan da ke shanya citta a kan fā suka iya. Ya gayyaci Zamani ya zo ya ji. Zamani ya saurara har ƙarshe, ya yaba, sa'an nan ya tsuguna gaban wani yaro ya zuba tsakuwa a ƙasa.

"Ba ni guda huɗu."

Yaron ya cika hannu biyu ya miƙa masa.

"Huɗu ke nan?"

"In bai isa ba in ƙara," in ji yaron.

Washegari Malam Jonathan ya zana awaki biyar a gefe guda na allo, ya zana tsakuwa biyar a ɗaya gefen, ya tambaya wanne ya fi yawa. Aji duka ya ce awaki. Ya ƙirga musu awakin, biyar. Ya ƙirga tsakuwar, biyar. Ya sake tambaya. Awaki.

"Don me?"

"Akuya yana haihuwa, Ticha," in ji wani daga baya.

Ya koma gida ya gaya wa matarsa Hellen cewa yaran bana ba su da kai. Hellen tana feren citta, ba ta ɗago ba.

"Yaran da ke kai awaki kiwo su dawo da su cif, ko ɗaya bai ɓace ba? Baban Mildred, sake dubawa dai."

Littafin jagoran malami ya ce a ba yara abin da za su taɓa da hannu, kuma ya ambaci murfin kwalba. Ranar Asabar Malam Jonathan ya hau kekensa ya tafi Kafanchan da buhu. Inda murfin kwalba yake da yawa a Kafanchan kuwa sananne ne, bayan gidajen shaye-shayen da ke kusa da tashar jirgin ƙasa. Nan dattijon ikilisiya, wanda ko burkutu bai taɓa ɗanɗanawa ba tun baftismarsa, ya yini a sunkuye cikin doguwar safa yana tsince-tsince. Wani ɗan ƙauyensu da ya kai citta kasuwa ya gan shi. Labari ya riga keke isa gida.

Ranar Lahadi bayan sujada dattawa suka ce ya ɗan tsaya. Bai yi dogon bayani ba, ya ɗauko buhun ya zazzage a gabansu, murfi ɗari uku da 'yan kai. Fasto ya ɗauki ɗaya ya juya shi, ya karanta sunan da ke kai.

"Mun yarda ba kai ka sha ba, Malam. Mutum ɗaya ba zai iya ba. Amma waɗannan ba za su kwana a ɗakin Ubangiji ba."

Saboda haka aka koma tsinke. Lokacin an shiga sabuwar shekara, ya kuwa riga ya zaɓi darasin da zai yi a gaban mai dubawa: goma-goma da ɗai-ɗai. Tsinke goma a ɗaure su wuri guda, ɗauri uku da tsinke huɗu su zama talatin da huɗu. Ya ce kowane yaro ya zo da ɗauri biyu daga gida, ya ɗaga yatsunsa goma ya nuna musu.

Suka kawo, an ɗaure da igiyar rama tsaf, ka san hannun manya ne. Ya kwance na farko ya ƙirga, goma sha biyu. Na biyu, goma sha biyu. Ya bi layi har ya gaji, bai sami ɗaurin goma ko ɗaya ba. Ya yi wa aji wa'azin sakaci na minti ashirin, sa'an nan ya bi ɗauri ɗaya-ɗaya yana zare tsinke biyu yana jefarwa ta taga. Da ya zo kan wata 'yar ƙaramar yarinya mai suna Afiniki, wadda da ƙyar yatsanta ya taɓa kunne ranar ɗaukar yara, sai ta rungume nata.

"Kawo."

"Ticha, in ka cire bai cika ba."

Ya karɓa da ƙarfi ya zare. Ta yi kuka har aka tashi.

Da sassafe kakarta ta iso makaranta da sanda. Tsohuwar nan ƙanwar uban Malam Jonathan ce, ita ta goye shi yana jariri, kuma ba ta taɓa yarda da sunan Jonathan ba. Ba ta jira a yi mata iso ba. Ta tsaya a ƙofar majami'a ta yi magana da yaren gida, wanda ba a yi a makaranta, ba kuwa wanda ya yi tunanin ɗauko ƙashin saniya.

"Kumai, kai ne ka sace wa yarinya tsinke?"

"Gwaggo, ba sata ba ce. Lissafi ne."

"Lissafin da ke rage kayan mutane, a kasuwa wani suna muke kiransa. Miƙo hannunka."

Ya miƙa, a gaban yara saba'in. Ta kama babban yatsansa ta riƙa dangwala shi a kan gaɓoɓin sauran yatsun, gaɓa uku a kowane yatsa, tun daga ƙaramin har manuni.

"Yatsa huɗu, gaɓa uku-uku. Ga ɗauri ya cika. Babban yatsa shi ne mai ƙirga, ba a ƙirga mai ƙirga. Hannu ɗaya yana aiki, ɗaya yana riƙe da kaya. Naku na makaranta sai mutum ya sauke kayansa ƙasa ya baje hannu biyu kamar an kama shi da laifi. Da haka ubanka ya ƙirga damin dawarsa, da haka aka ƙirga shucin da aka rufe ɗakin da aka haife ka. Mutum biyu su raba ɗauri, ba faɗa. Mutum uku, mutum huɗu, ba faɗa. Raba mini goman nan taka wa mutum uku in gani."

"Uku-uku ne, saura ɗaya."

"Ɗayan na wa?"

"Ana rubuta shi a gefe, Gwaggo."

"A gefe," in ji tsohuwa. Ta dube shi kamar yadda ake duban gonar da aka sha wahalar nomanta ba ta yi ba, ta juya ta tafi.

Ranar Lahadin da ta biyo, aikinsa ne ya ƙirga masu sujada, aikin da ya shekara goma sha ɗaya yana yi. Yana tsaye a baya yana bin kawuna da ido, sai ya ji wani abu na motsi a hannunsa na hagu. Ya duba. Babban yatsansa ne ke tafiya a kan gaɓoɓi, uku-uku, ba wanda ya aike shi. Ashe duk shekarun nan da ƙirgar gida yake ƙirga jama'ar Ubangiji, sa'an nan ya juya ta a kansa ya rubuta da lambar makaranta, bai taɓa kama kansa ba. Bakinsa ya yi makarantar mishan, yatsansa bai taɓa zuwa ba.

Mai hankali da a nan ya tsaya ya yi tunani. Malam Jonathan yakan ce shi ya ga gaskiya a ranar, ya gane ta, ya gaishe ta, ya wuce abinsa. Watan Mayu na matsowa, littafi ya ce goma, mai dubawa kuma littafi zai bi. Ya kafa doka, ɗaurin gida ya tsaya a gida. Ya sa hannunsa na hagu a aljihu ya bar shi can. Kowace safiya yana ɗaga ɗauri ya ce nawa, yara su ce goma, har suka iya faɗa ba tare da sun dubi abin da ya ɗaga ba. Suna faɗa dai kamar yadda ake amsa wa babba maganar da aka san ba haka take ba.

Saura kwana uku, ya zauna da yamma a tsakar gida ya ɗaure ɗauri arba'in da hannunsa, yana ƙirga kowane sau biyu. Hellen na yanka masa igiya.

"Ubangiji ma da ya tashi zaɓen almajiransa, goma sha biyu ya ɗauka," ta ce.

"Dokoki kuma goma ya bayar."

"Shi ya sa suke ba mutane wuya."

"Hellen, in na faɗi wannan karon, yaron da na koya wa ɗaura igiyar takalmi zai riƙa duba mini shirin darasi."

Ta miƙo masa igiya. "Ba za ka faɗi ba. Ka dai bar su su yi magana."

Ranar Litinin ya jera ɗaurin a cikin akwatin littattafan waƙa da ke majami'a, akwatin da ba shi da kwaɗo. Ya gaya wa yara cewa gobe babban baƙo zai zo daga Zariya takanas domin ya ga ajinsu da kayan aikinsu. Kowa ya wanke ƙafa, masu shara su zo da wuri, kada a ba shi kunya. Wannan kalma ta ƙarshe ya maimaita ta sau uku.

Mai dubawar, Malam Hussaini, siririn dattijo ne mai farar riga da tabarau. Jirgi ya sauke shi a Kafanchan, motar citta ta ƙarasa da shi. Ya gaisa da kowa a natse, ya wuce bencin baya inda zumuntar mata ke zama, ya kwance agogonsa ya ajiye a gefe. Malam Jonathan ya miƙa masa shirin darasi, shafi bakwai, da tawada kala uku.

Mataki na farko ya tafi lafiya. A mataki na biyu ya ɗaga ɗauri uku da tsinke huɗu.

"Nawa ke nan?"

"Talatin da huɗu!"

Ya rubuta 34 a allo, da irin rubutun da ake tahowa daga wasu makarantu a gani. Ya saci kallon baya, ya ga baƙo na gyaɗa kai. Da ya tsaya a nan da an rabu lafiya. Amma mataki na uku, da jan biro, ya ce malami zai kwance ɗauri domin yara su tabbatar da idonsu. Ya kwance na farko, ya riƙa ajiye tsinke a kan tebur ɗaya-ɗaya, aji na ƙirgawa. Takwas, tara, goma. Ya buɗe baki zai ce kun gani, sai ya ji akwai sauran abu a hannunsa.

"Sha ɗaya," in ji aji, da wani irin daɗi a murya. "Sha biyu."

Ya ce a ransa kuskuren hannu ne, ko da yake sau biyu ya ƙirga. Ya kwance na biyu. Goma sha biyu. Na uku bai ma ƙirga ba, nauyinsa ya gaya masa. Gumi ya bi ta cikin safarsa.

"Wa ya taɓa akwati?"

Hannu bakwai suka tashi, masu shara duka, ba alamar tsoro a fuskar kowa. Afiniki har da tsayuwa a kan yatsu don a gan ta.

"Mu ne, Ticha. Mun cika maka duka." Ta waiga ta dubi baƙon, ta rage murya yadda take zaton ba zai ji ba. "Baƙo ya zo daga nesa, a nuna masa kaya bai cika ba, kunya ne."

Malam Jonathan ya dubi 34 da ke allo, ya dubi tarin tsinken da ke tebur, wanda ko makaho ya shafa ya san ya wuce haka. Bulala na rataye a bayan allo. Shafi bakwai na hannun baƙo, ba ko layi ɗaya a ciki da ya san da wannan. Daga baya Malam Hussaini ya duba agogo.

"Ci gaba, Malam. Da sauran minti ashirin da biyu."

Ba dabara ce ta zo masa ba, shi da kansa yakan faɗa. Maganar ce ta ƙare masa, karo na farko a rayuwarsa ta aji, kuma da ya rasa abin faɗa sai ya yi tambaya. Ya tattara tsinken duka, har da huɗun nan na gefe, ya tara su tsibi guda. Ya kira Afiniki.

"Ɗaure mini su irin na gida."

Ta ɗaure da sauri, yatsanta na gudu a kan gaɓoɓi. Ɗauri uku, tsinke huɗu a gefe.

"Kwance. Kai, zo ka ɗaure irin na makaranta."

Yaron nan mai akuya, wanda ya ce akuya yana haihuwa, ya fito, ya baje yatsu goma, ya yi ta fama har ya gama. Ɗauri huɗu, ba ko ɗaya a gefe. Aji ya fara guna-guni. Wasu suka ce yaron ya ƙaro tsinke daga aljihu, ai uku ya zama huɗu. Aka laluba aljihunsa, gyaɗa ce kawai a ciki. Malam Jonathan ya sa aka kwance aka sake, wasu yara biyu dabam, kowa ya matso ya zuba ido kada a yi coge. Na gida, uku da huɗu a gefe. Na makaranta, huɗu cif. Ya tambaya da Hausa, ya ga rabin ajin na kallonsa kawai. Sai ya ji bakinsa ya juya yaren gida, a gaban mai dubawa, a cikin makaranta.

"Tsinke ya shigo?"

"A'a."

"Tsinke ya fita?"

"A'a."

"To, me ya sake?"

Aka yi ta musu. Wani ya ce hannun mai ɗauri, wata ta ce tebur. Ya bar su, don ba shi da abin da ya fi nasu. Can wani yaro mai tsamin baki ya ce igiya ce, wancan igiya uku, wannan igiya huɗu.

"Me kuma bai sake ba?"

Afiniki ta daɗe tana kallon tsibin, ta ɗaure fuska kamar mai jin haushin abin da za ta faɗa.

"Yawansu," ta ce. "Yawansu yana nan. Ko an ɗaure ko ba a ɗaure ba."

Ya goge 34 da hannun rigarsa, abin da ya sha dukan yara a kansa, ya rubuta 40. Ya ce wannan shi ne sunan yawan nan a makaranta, igiya huɗu, ba kowa a gefe. Sai ya tuna, ya aiki yara suka kwaso tsakuwa, aka ajiye tsakuwa ɗaya kusa da kowane tsinke har suka ƙare tare. Ya tambaya wanne ya fi yawa. Mai akuya ya buɗe baki, ya rufe.

"Ɗaya ne," ya ce, ba da son ransa ba.

Ba duka suka gane ba. Malam Jonathan, da yake mutum ne mai son ƙididdiga, ya ce goma sha tara ne a ranar, sauran suka biyo baya kafin girbin acca. Lokaci ma ya wuce da minti shida.

A ofishin hedimasta aka kawo wa baƙo ruwa da goro. Malam Jonathan na tsaye a bakin ƙofa yana jiran hukunci. Malam Hussaini ya juya shafukan nan bakwai a hankali.

"Malam, minti goma ban ji ko kalma ɗaya daga abin da kuka faɗa ba. Wannan zan rage maka maki a kai. Amma na ga abin da ya faru a tebur. Shekarata goma sha shida ina wannan yawo, ban ga wanda ya yi wannan dabara ba. A ɓoye tsinke biyu a ɗauri, a sa yara su yi kamar su suka yi, har da gumi. Ni kaina da farko na ɗauka kuskure ne." Ya ɗago tabarau. "Me ya sa ba ka rubuta ta a shiri ba? Nan ma zan rage."

Zamani, wanda ya san komai, ya sa ido a kan kalandar bango. Malam Jonathan dattijon ikilisiya ne, bai saba ƙarya ba. Ya kuma tuna mataimakan malamai.

"Ranka ya daɗe," ya ce, "Allah ne ya shirya abin."

"Haka ne, shi ke shirya komai," in ji Malam Hussaini. "Amma gaba ka riƙa rubutawa."

Hellen ta ce wannan amsa ba ƙarya ba ce, amma maƙwabciyarta ce ta kusa, katanga ɗaya suke. Ya yarda. Ya ce ya roƙi gafara a kanta daidai gwargwado.

Takarda ta iso a watan Satumba. Ya ci, da maki mafi ƙanƙanta da ake ci da shi. Ya sa wandonsa na Lahadi ya tafi ofis karɓar babban ajinsa. Zamani ya miƙe ya ba shi kujera, ya taya shi murna, sa'an nan ya zaro wata takarda ta biyu daga ƙarƙashin ta farko, yana riƙe da ita nesa da jikinsa kamar mai zafi.

"Sa, mai dubawa ya haɗo da shawara, ofis kuma ya sa hannu. Ya ce malami irin wannan asara ce a kai shi babban aji. Ya ce a bar shi inda ake kafa tushe."

"Karanta kuma."

Zamani ya sake karantawa.

"Yara nawa aka rubuta bana?"

"Tamanin da ɗaya, Sa."

Malam Jonathan bai motsa daga kujerar ba har aka buga ƙararrawa. Sa'an nan ya tashi, ya gyara safarsa, ya tambaya ko an gaya wa dattawa cewa za a ƙara benci. A aji ɗaya ya zauna shekara goma sha biyu da suka rage masa, har ya yi ritaya a 1989.